A bar yaran Zazzau su zana zanko a cikin gem

Da wuya a yi mako guda a majalisun dattawan birnin Zariya ba a tsine wa gem ba. Ƙorafin iri ɗaya ne daga Kusfa har Kwarbai, daga Juma har Ƙofar Doka: yaro ya dawo daga boko, an tura shi Islamiyya da ƙyar da jiɓin goshi, yana dawowa sai ya rungumi waya, ba zai ajiye ba sai caji ya mutu, daga nan ya nufi shagon mai caji ya tsaya yana gadinta. Ni malamin lissafi ne a sakandare, a Kusfa aka yanke cibiyata, kuma ina ganin abin da wannan ɗabi'a ke haifarwa a aji: jan ido da sassafe, hamma, aikin gida kuwa sai dai a ba ka labari. Saboda haka ba na cikin masu cewa iyaye na kuka ne a banza. Inda na rabu da su shi ne wurin magani. Maganin da aka fi sani shi ne a ƙwace waya, a jefa a durowa, a murɗa makulli. Ni kuwa ina ganin kafin a ƙwace, a fara yi wa yaron tambaya ɗaya: wasa kawai kake yi, ko ka taɓa gina wani abu a ciki?

Dalilin tambayar shi ne yaran nan ba ɗaya suke ba. Mafi yawansu 'yan danne-danne ne, su ci a cinye su, gari ya waye. Amma a kowace unguwa akwai 'yan ƙalilan masu ƙaiƙayin hannu, waɗanda ba sa iya barin abu yadda suka same shi. Su ne ke sa wa ƙungiyarsu ta Dream League rigar Kano Pillars ko ta Super Eagles, kuma sun san sai hoton rigar ya zama ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance kafin ya zauna daidai. Su ne ke cusa sababbin 'yan ƙwallo cikin tsohon PES da ake bugawa ta manhajar PPSSPP, su canza motoci da tufafi a GTA San Andreas, wasan da ya fito tun 2004 amma har yau bai fita daga wayoyin yaranmu ba. Wannan kwaskwarima da ɗan wasa ke yi wa gem da hannunsa ita suke kira mod.

Kada a raina ta. Counter-Strike, wanda ya shafe fiye da shekaru ashirin ana gasa a kansa, ya fara ne a 1999 a matsayin mod ɗin da wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life. Shekara na zagayowa kamfanin Valve ya saye shi, ya kuma ɗauke su aiki. Dota, da ake ba da kyautar miliyoyin daloli a gasarsa ta duniya, taswira ce da 'yan wasa suka ƙirƙira a cikin Warcraft III a 2003. PUBG ɗin da yaranmu ke kwana a kai ya samo asali ne daga kwaskwarimar da wani ɗan ƙasar Ailan, Brendan Greene, ya riƙa yi wa wasan Arma, kafin wani kamfani na Koriya ta Kudu ya gayyace shi suka fitar da wasan a 2017. Babu ɗayansu da ya fara da ofis ko jari. Da taɓa kayan wani suka fara.

Sai dai akwai tafiya mai nisa tsakanin wanda ya sauke mod ɗin da wani ya haɗa a Indonesiya ko Brazil ya liƙa a wayarsa, da wanda ya zauna ya rubuta nasa. Yawancin yaranmu a zangon farko suka yada zango, kuma abin da ke tare masu son wucewa gaba shi ne zane. Kwamfuta ba ta san da'ira ba, ba ta san baka ba. Abin da ta sani shi ne ƙananan gidaje a jere, kowanne da lambarsa, ko a cika shi ko a bar shi fanko. Kafin layi ɗaya mai karkata ya fito, sai an faɗa mata gidan da za ta cika da wanda za ta tsallake. Wani injiniyan kamfanin IBM, Jack Bresenham, ya tsara hanyar yin haka a 1962, har yau kuma ana koyar da ita a jami'o'i. Yaron da aka ce ya fara daga nan zai gaji ya watsar tun bai ga komai a fuskar wayarsa ba.

A nan ne laburaren zana siffofi ke da amfani. Tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka ajiye don kowa ya ɗauka: wannan na jan layi, wancan na zana da'ira, ga na murabba'i, ga na dala, ga na ƙubba. Kai dai ka kira sunan umarnin, ka faɗi wuri da girma da abin da za a yi ginin da shi. Maginin gargajiya ba ya tsayawa ya murza kowane tubali da hannunsa. Akwai masu kwaɓa ƙasa su yi tubali su shanya, shi nasa ya san inda kowanne zai zauna. To, laburare shi ne masu tubalin, yaron kuma shi ne maginin. Yawancin wasannin da suka yarda a yi musu kwaskwarima suna da irin nasu. Masu GTA San Andreas a kwamfuta na da MoonLoader, mai umarnin jan layi da zana akwati a fuskar wasa. Factorio na da nasa na layi da da'ira. Masu Minecraft na da WorldEdit.

Wanda nake ba iyaye da malamai shawara a kansa, domin shi na gwada tare da ɗan ƙanwata, shi ne na wasan Luanti. Wasan gini ne da tubala masu kusurwa, kamar Minecraft, wanda wani ɗan ƙasar Finland, Perttu Ahola, ya fara a 2010 da sunan Minetest, aka sauya masa suna a watan Oktoban 2024. Dalilan da suka sa na zaɓe shi na aljihu ne. Kyauta ne, babu talla, babu sayen zinaren bogi da kuɗin gaske. Ba shi da nauyi, yana tafiya a wayar Android mai araha da tsohuwar kwamfuta ta hannu. In an sauke shi sau ɗaya, ba ya ƙara neman data: yaro guda ya kunna hotspot ya buɗe duniyarsa, sauran su shigo, su yi gini tare a zaure ɗaya. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, duk uban da ke saya wa gida data ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Ga yadda ake girka shi. A sauke Luanti daga shafinsa na asali, ko Play Store, ko F-Droid, ba daga abin da wani ya turo a WhatsApp ba. Shi Luanti inji ne kawai, don haka da an buɗe zai nemi a zaɓi wasan da za a ɗora masa. Minetest Game ya wadatar da mai koyo. Daga nan a shiga sashen ƙarin kaya, wanda ke haɗe da ma'ajiyarsu mai suna ContentDB, a nemi laburaren, wanda shi ma sunansa WorldEdit, a danna saukewa. Mai kwamfuta da ba shi da data yana iya karɓar foldar a filashi daga wurin abokinsa, ya zuba ta cikin foldar da aka rubuta wa mods. Sai a ƙirƙiri sabuwar duniya, a shiga wurin zaɓen mod, a kunna shi. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe: saukewa daban, kunnawa daban, kuma kowace duniya sai an kunna mata nata. Idan an shiga wasan ya ce ba ka da izini, sai ka buɗe wurin rubutu ka sa /grantme worldedit. In kuwa duniyar abokinka ce, shi zai ba ka izinin.

Amfani da shi ya fi girkawar daɗi. Ka tsaya inda kake so ginin ya tashi, ka rubuta //pos1, alama za ta fito a wurin. Ka rubuta //hollowdome 6 desert_stone, kafin ka ƙifta ido ƙubba ta jan dutse ta tsaya, mai faɗin tubali shida daga tsakiya zuwa gefe, cikinta fayau. Akwai //cylinder na ginshiƙi, //pyramid na dala, //sphere na dunƙule. Akwai //stack da ke maimaita abin da ka gina sau nawa ka ga dama, da //flip da //rotate masu juya shi, da //save da ke ajiye ginin a fayil don a tura wa wani. In yaro ya yi zarin ido ya rubuta lamba mai yawa, laburaren zai dakata ya gargaɗe shi cewa aikin zai taɓa tubala masu ɗimbin yawa, ya nemi ya amsa da //y ko //n. Gara ya ji gargaɗin, domin ƙaramar waya sandarewa take yi.

Duk wannan danne-danne ne har yanzu. Hayewar gaske ita ce ranar da yaro ya buɗe folda tasa, ya sa mata suna, ya zuba fayil biyu a ciki. Na farko mod.conf, inda zai rubuta sunan mod ɗinsa da layin depends = worldedit, wato yana sanar da wasan cewa aikinsa ya dogara ga wancan laburare, a loda shi tukuna. Na biyu init.lua, inda zai rubuta umarninsa da harshen Lua, ya kira worldedit.dome ko worldedit.cylinder ya ba su wuri da girma. Da layuka kaɗan zai iya cewa a jera ginshiƙai goma, tazarar tubali huɗu tsakaninsu, a ɗora wa kowane huɗu ƙubba. Daga wannan rana ya daina zama baƙo a gidan wani.

Tun da laburaren a buɗe yake, kowa na iya karanta cikinsa, na sa ɗan ƙanwata ya buɗe fayil ɗin siffofin, mai suna primitives.lua, mu ga yadda ake haifar da ƙubbar. Ya ɗan ƙura wa rubutun ido, sai ya ce, "Kawu, ai wannan Pythagoras ɗin ne da kuke ta fama da mu a kansa." Gaskiyarsa. Don a fitar da da'ira mai rabin faɗi 5, kwamfuta na bin gidaje ɗaya bayan ɗaya tana auna: nisan gidan daga tsakiya ta gabas a ninka shi da kansa, a haɗa da nisansa ta arewa shi ma a ninke da kansa, a ga ko jimlar ta zo kusa da 25. Gidan da ke taku 3 gabas da taku 4 arewa ya ba da 9 da 16, wato 25 cif, don haka yana kan da'ira. In ƙubba ce, sai a ƙara tsawo a lissafin, a watsar da rabin ƙasa. Wannan shi ne darasin da nake rubutawa a allo kowace shekara yara na kallon taga, wanda WAEC da NECO ba sa fashin tambayarsa. Bambancin kawai, a nan in ka kuskure lissafi rufinka zai fito da huji, kana gani da idonka.

Amma ba don jarrabawa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da laburaren ba shi da shi. Akwai wani dattijon magini a lungunmu, wanda ƙarfi ya fara ja masa baya, da muka nuna wa ƙubbar. Ya juya wayar, ya sake juyawa, ya miƙo mini ya ce, "Malam, kyau kam ta yi, amma ba tulluwarmu ba ce. Tamu ba ta tashi haka." Ƙubbar laburare rabin ƙwallo ce daidai wa daida. Tulluwar Hausa kuwa kwanciya take yi, ba ta cika tudu ba, tana zaune ne kan ɗaki mai kusurwa huɗu, kuma bakuna ne ke ɗauke da ita daga ciki. Shi kansa bakan gizo ba yankin da'ira ɗaya ba ne. Azara, wato tsagin itacen giginya da gara ba ta cika damunsa ba, ba ta iya ƙetare fili mai faɗi ita kaɗai. In tazarar ta kusa mita biyu sai ta fara lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. Shi ya sa magini ke kafa azara cikin bango, ya ɗaure, ya ɗora wani sahu da ya fi na farko karkata, ya sake ɗaurewa, daki-daki, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a shafe da ƙasa lanƙwasar ta fito sumul. Gajerun layuka ne miƙaƙƙu, kowanne da karkatarsa. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi aka sami daurin guga, sau da yawa har a liƙa tasa a mahaɗar don ado.

Ka bincika jerin umarnin WorldEdit daga farko har ƙarshe, ba za ka ga bakan gizo ba. Ba za ka ga zanko ba, ƙahon nan da ke tsaye a kusurwar soro, mai faɗi a gindi da tsini a sama. Babu indararo. Babu dagi, wanda ke da ƙa'ida tsayayya: zaren ya hau kan ɗan'uwansa a wannan mahaɗa, ya bi ta ƙarƙashi a ta gaba, ba a taɓa hawa biyu a jere. Babu aska takwas, da mahaifina, Allah ya jiƙansa, yake zanawa da tawada da alƙalamin kara a gaban babbar riga kafin allura ta taɓa ta. Ba laifin waɗanda suka rubuta laburaren ba ne. Abin da suka sani suka zuba. Giɓin namu ne, kuma a ganina shi ne aiki mafi daraja da ɗan Zazzau mai son gem zai sa a gaba.

Ka duba abin da zai faru da yaron da ya ƙudura rubuta umarni ɗaya tak mai suna zanko, wanda in an ba shi wuri da tsawo zai tsayar da zanko. Dole ya ɗauki tef ya je ya auna na gaske. Dole ya durƙusa gaban magini ya tambayi yadda faɗin gindi ke tafiya da tsawo, da dalilin da ya sa ake karkata shi. Dole ya mai da amsar lissafi, ya gwada, ya koma ya nuna, a ce masa bai yi ba, ya sake. Ilimin da ya shekara ɗaruruwa yana tafiya daga hannun uba zuwa hannun ɗa zai shiga rubutu ta hanyar da inji ke iya maimaitawa, kuma duk wani yaro a Maraɗi ko Kumasi da ya sauke fayil ɗin zai tsayar da zankon Zazzau da layi ɗaya.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Duk wanda ya girma a cikin ganuwa ya san yawan sorayen da aka rushe aka maye da bulo da kwano, da fuskokin gidaje masu zane da aka shafe da siminti. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, shi ne ginin ƙasa da masana gine-gine na duniya suka fi ambato a ƙasar Hausa. Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya gafarta musu. Mai son ganin kwatankwacinsa yana iya zuwa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, aikin da masanin nan ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya assasa. Farfesa Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a 1981 kan maginan Hausa, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya fitar da littafi a 2007 kan zanen bangon gidajen Zariya. Ilimin yana nan, amma da Turanci, a kantocin laburaren jami'a, inda ɗan shekara goma sha huɗu na Kusfa ba zai taɓa kai hannu ba. Gem ba zai hana damina cin katanga ba, wannan aikin yaɓe ne da makuba da kuɗi. Abin da zai iya shi ne ya sa awon ginin da ƙa'idarsa su zauna a kan dubban yara.

Wasu sun riga mu gane haka. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai ta haɗa hannu da kamfanin da ya yi Minecraft a shirin Block by Block, inda mazauna unguwa ke tsara filayen wasa da kasuwanninsu a cikin gem kafin a gina. Unguwar Kibera ta Nairobi na cikin wuraren da aka fara. A 2014 hukumar taswira ta Denmak ta zuba ƙasar gaba ɗaya cikin Minecraft bisa awonta na gaske. Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. A nan Zariya, a 1958, ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce za su karɓi kayan aikin Turawa amma su zana nasu. Maginanmu ma ba su tsaya a dagi da takobi ba. Da keke da agogo da mota suka shigo gari, sai ga su a fuskar soraye. Shi kansa harshen Lua da yaron zai yi rubutu da shi ba daga Amurka ya fito ba. Masana uku ne suka ƙirƙire shi a 1993 a wata jami'a da ke Rio de Janeiro, bayan shekarun da Brazil ta yi tana taƙaita shigo da kwamfuta da manhajoji daga waje. Rashi ne ya sa suka yi nasu, yau ga shi a cikin World of Warcraft da Luanti, Roblox ma daga gare shi ya samo nasa.

Na san abin da za a ce, kuma wasu daga cikin maganganun na da nauyi. Na farko, umarnin jan layi da zana akwati shi ne dai wanda masu maguɗi ke amfani da shi a PUBG da Free Fire su riƙa hango abokan karawa ta bayan bango. Haka ne. Ha'inci ne, kamfanonin na rufe asusun wanda suka kama, kuma uban da ya ga ɗansa na yi ya tsawata masa kamar yadda zai tsawata kan satar amsa. Na biyu, yawancin abin da ke yawo da sunan mod a wayoyin yara fasassun manhajoji ne masu alƙawarin kuɗi mara iyaka, kuma ta irinsu ɓarayi ke shiga waya. In wayar ta mahaifiya ce, mai manhajar banki da saƙonnin lambar sirri, abin ya wuce wasa. Wannan ma hujja ce ta karkatar da yaro zuwa kayan da ke buɗe, waɗanda ake iya karanta kowane layinsu. Luanti na killace kowane mod, ba ya barinsa ya taɓa fayilolin da ba na wasan ba sai mai na'urar ya ba da izini da kansa.

Na uku, maganar addini, wadda ba a tsallake ta a unguwar malamai kamar tamu. Saɓanin da aka sani a kan surar abu mai rai yake, ni kuma ba mai fatawa ba ne. Amma layi da da'ira da alwatika su ne allon zayyana da muke yi wa yaro ranar saukar karatu, su ne adon da mahaddatanmu ke sakawa a gefen Alƙur'ani rubutun hannu don nuna hizifi da rubu'i da sumuni. Wannan fanni ne da Musulmi suka yi fice a kansa daga Fas har Isfahan. Na huɗu, lokaci: sallah da karatu da aike su ne gaba, kuma sharaɗi ya fi ƙwace tasiri. A ce wa yaro ga sa'a guda bayan Isha'i, amma ranar Asabar zai nuna abin da ya gina, ya kuma bayyana yadda ya yi shi. Mai danne-danne zalla zai tonu a makon farko.

Sai tambayar da kowane uba ke ɓoyewa a ƙasan harshe: zai ci abinci da shi? Ba kowane yaro ne zai zama Brendan Greene ba, kuma duk wanda ya yi wa iyaye wannan alƙawari yaudararsu yake. Kamfanonin gem na Afirka, irin su Maliyo na Legas da aka kafa a 2012 da Kiro'o na Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016, ba su kai su ɗauki dubbai aiki ba. Amma wanda ya iya faɗa wa inji wuri da kusurwa da maimaici, ya iya karanta saƙon kuskure ya gyara, ya riga ya riƙe abin da ake bukata wurin zanen gini da kwamfuta, da aikin safiyo da taswira, da injinan ɗinki na kwamfuta da suka cika kasuwanninmu suna ƙwace wa masu ɗinkin hannu ciniki. Injin nan ba ya ɗinka aska sai wani ya zana masa ita a fayil. Me zai hana mai zanawar ya zama jikan wanda ya gaji askar? Kuma kada a ware 'yan mata. A cikin birnin Zariya mata da yawa na ɗinkin hannu a gidajensu, kuma yarinyar da ke ƙirga zare a hula ko ta daidaita zanen lalle a hannu biyu ta riga ta san juyi da maimaici fiye da yayanta.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kwangila. Sashen zanen gine-gine da na kimiyyar kwamfuta da na zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa ɗaliban ajin ƙarshe su rubuta laburaren siffofin Hausa, da sunayen umarni na Hausa, tulluwa da bakan gizo da zanko da dagi, su ɗora shi a ContentDB kyauta. Makarantun da ke da ɗakin kwamfuta, daga Alhudahuda da Barewa har masu zaman kansu, su shirya gasar hutu: a gina ƙofar fada, ko Ƙofar Doka, ko zauren gidan su ɗalibin, bisa awo. Masarauta ta sa baki magina su karɓi yaran, a kuma rubuta sunan kowane magini da ya ba da ƙa'ida a jikin fayil ɗin, domin ilimin nasa ne. Masu Hausa a baki su shiga dandalin Weblate, inda 'yan sa-kai ke fassara Luanti, su ba da tasu gudummawar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maginan da suka san daurin guga da hannunsu ba ƙaruwa suke yi ba, yaran da za su iya rubuta abin da suka sani kuwa suna nan birjik a kowane lungu, da waya a hannu. Haɗa su ya rage, kuma kayan aikin uku ne: waya, tef ɗin awo, da izinin uba. Biyun farko suna kasuwa. Na ukun yana hannun masu karanta wannan shafi, kuma hutun makaranta mai zuwa ya isa a fara.